Ranakun da Alƙahira take fitowa kan titi

Sati uku kenan da saukata Masar, ina zaune a ɗaki a Hayyul Ashir ina fama da nahawu, sai kawai na ji gari ya ɗauki ihu gaba ɗaya. Ihu fa ba na wasa ba, daga kowane bene, ga hon ɗin motoci ga ƙarar abu kamar harbi. Duk wanda ya tashi a Kano ya san me jikinsa yake gaya masa idan ya ji irin wannan, mu da muka ga masu shago suna jan ƙofa ana gudu ba'a tsaya tambayar me ya faru ba. Wallahi kashe fitila na yi na ɗauko fasfo ɗina na sa a aljihu. Sai da abokin ɗakina ɗan Zinder ya shigo yana haki yace tashi mu sauka, Masar ta ci.

Ranar 8 ga Oktoba 2017 ce. Suna wasa da Kongo a filin Burjul Arab kusa da Iskandariya, Kongo ta farke saura ƴan mintuna a tashi, sai aka basu fenareti a ƙarin lokaci Mohamed Salah ya buga ta shiga, 2-1, shikenan sun samu zuwa gasar cin kofin duniya, rabonsu da ita tun 1990. Muna sauka ƙasa mai gadin gidanmu, dattijo ɗan Sa'id, wato kudancin Masar, da kullum fuskarsa a ɗaure take, ya rungume ni yana kuka. Ban san me yake faɗa ba don lokacin larabcin littafi kaɗai na iya, ammiyarsu, wato larabcin da suke yi a titi, ko kalma goma ban sani ba, amma ya ɗaura mun tuta a wuya ya ja hannuna har bakin babban titi. Yara a saman motoci, mata suna guɗa daga baranda, mai shagon lemo yana rabawa kyauta. Daga ranar na fara ce masa Ammu, wato baffa, shi kuma yana ce mun ya ibni, wato ɗana.

Na kawo wannan ne saboda ƙanina da zai tafi karatu bana ya tambaye ni wai me zai kiyaye, kowa a gida yana ce masa daga makaranta sai ɗaki, kar ka shiga taro. Nima haka aka ce mun, kuma na gane tsoron iyaye ne. Amma gaskiya ni abun da na sani game da mutanen Masar ba a aji na koye shi ba, a irin waɗannan ranakun ne da kowa yake barin gidansa ya fito. Kuma abun da ya fi ɗaure mun kai, ranakun da ba namu ba su ne suka jawo ni ciki, ranar da take tamu kuwa, wato sallah, ita ce ranar da na fi jin ni baƙo ne. Zan zo kanta.

Bayan wata biyu sai watan mauludi ya kama, tituna suka cika da rumfunan alewa, halawatul maulid suke ce mata, ta riɗi da ta gyaɗa da ta kwakwa, ga ƴar tsana amarya ta sukari ga doki da mahayinsa. Saurayi idan yana neman aure dole ya kai wa gidan yarinya kwalin alewar nan. Ya tuna mun da takutaha da hawan Dala amma nasu a ciniki da kai kyauta ya fi ƙarfi.

Wanda ya girgiza ni shi ne maulidin Sayyidina Husaini, ƙarshen watan Rabi'us Sani, a shekarar ya faɗo cikin Janairu ana tsananin sanyi. Masallacin yana kallon Azhar ne, titi kawai ya raba su, ga kasuwar Khan Khalili a gefe, to ko baka so zaka gani idan kana zuwa darasi. A ɗakinmu sai da aka yi muhawara sosai, wasu suka ce bidi'a ce ba zasu taka wajen ba, wasu kuma ƴan ɗariƙa ne tun daga gida dama jiran ranar suke. Ni ba zan shiga wannan a nan ba, malamai sun yi magana kowa ya san inda ya tsaya. Abun da idona ya gani zan faɗa. Mutane ne suke tahowa daga ƙauyukan Sa'id da na Dalta kwanaki kafin babban daren, da tabarmi da risho da buhun shinkafa, su kafa tanti a lungu su kwana a ƙasa cikin wannan sanyin. Tantin kuma ba don kansu bane, khidma suke kiransa, aikinsu kawai su ciyar da duk wanda ya wuce. Kana tafiya wani zai riƙo rigarka yace itfaddal, wato bismillah, ya miƙo maka shayi ko gurasa da wake, idan ka ƙi sai kaga ransa ya ɓaci da gaske. Ga tutoci, baƙaƙe na Rifa'iyya, jajaye na mutanen Sayyid Ahmadul Badawi na Ɗanɗa, ga sahun zikiri ana rangaji har asuba, lasifika kowane tanti da tasa.

Wani tsoho ya zaunar da ni a tantinsu ya tambaye ni daga ina, nace Najeriya, yace ɗalibin Azhar? nace eh, sai ya kama hannuna zai sumbata wai ni mai neman ilimi ne kuma baƙo, hakkina biyu ne a kansa. Na janye hannun da sauri kunya ta kama ni, mutumin ya girmi mahaifina. Hannunsa duk kanta irin na manomi. Na tabbata abun da ya kashe a satin nan ya tara shi ne wata da watanni. Akwai abubuwan da na gani a wajen da ban yarda da su ba har yau, da cunkoso wanda mace ko yaro zai sha wuya a ciki, da ƴan sane, wani abokinmu ma a daren aka zare masa waya. Amma wannan tsohon ba zan iya zaginsa ba, kuma duk lokacin da naji ana yi musu kuɗin goro sai fuskarsa ta faɗo mun.

Baje kolin littattafai kuwa wannan sallar ɗalibai ce, ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, tun 1969 ake yinsa. Shekarata ta farko a Madinatu Nasr aka yi kusa da mu, daga 2019 aka mayar da shi can Tajammu'ul Khamis. Mutum zai ƙi cin nama wata guda don ya sayi mujalladai, kaga ɗalibai ƴan Indonesiya da Malesiya da namu suna jan akwatin tafiya cike da littafi. Ni ɓangaren Azbakiyya nake wuni inda ake sayar da tsofaffi da araha.

Sai Shammun Nasim. Wannan ban taɓa jin sunansa ba sai da na je. Ranar Litinin ce da take bin Istar Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, a 2018 ta kama 9 ga Afrilu, hutu ne na ƙasa kuma Musulmi da Kirista duk suna yi, sun ce tun zamanin fir'aunoni ake yinsa don murnar shigowar bazara. Ba sallah ba coci, kawai kowa ya kwashi iyalinsa ya fita shan iska, duk inda ciyawa ta fito ko da ta tsakiyar titi ce zaka ga an shimfiɗa bargo. Lambun Azhar, gidan zoo na Giza, bakin Nilu, wasu su hau jirgin ruwa zuwa Ƙanaɗir. Wata Hajja da take hawa na biyu a gidanmu, mijinta ya rasu ƴaƴanta maza biyu suna aiki a ƙasashen Larabawa, ita ta aiko jikanta yace mu shirya zamu fita da su. Muka ɗaukar mata kaya.

Abincin ranar dafaffen ƙwai ne da aka rina kala kala, da ɗanyar albasa mai lawashi, da latas, da tirmis mai kama da wake, da kifi iri biyu, ringa mai hayaƙi da kuma fasikh. Fasikh ɗin nan kifin buri ne da ake shanyawa ya ɗan kumbura sannan a danne shi cikin gishiri makonni, ba dafawa ba komai. Tun kafin a buɗe ledar wari ya iso. Duk shekara ma'aikatar lafiyarsu sai ta yi gargaɗi a kai don idan ba'a yi shi daidai ba guba yake zama, a 1991 mutum 18 ya kashe a Alƙahira, shi ya sa kowane gida da mai yin fasikh ɗin da suka yarda da shi, sana'a ce ta gado. Hajja ta ɓare shi da hannunta ta matsa lemon tsami ta zuba mai ta naɗe mun a gurasa tace ci ya ibni, wannan daga wajen wanda babana yake saya ne. Na ci loma biyu, gishiri kamar zai tsaga harshe, na koma kan ringa. Bata ji haushi ba, tace haka ɗanta ƙarami yake. Wuni muka yi a wajen, yara suna ta zuwa suna taɓa hannuna suna tambaya ko na san ƴan ƙwallo, wasu samari can gefe suka jefo kalmar samara, wato baƙi, suna dariya, abun da kusan duk baƙar fata a garin ya saba ji kuma yana da ciwo ko sau nawa ka ji shi. Kafin in ɗago Hajja ta miƙe ta wanke su tas da murya har suka bar wajen.

Azumi a Alƙahira sai an yi masa rubutu daban. Fitilun fanus a kowane lungu, tebura a jere a titi na ma'idatur Rahman kowa ya zo ya zauna ba tambaya, samari a tsakiyar hanya suna jefa dabino da lemo cikin motoci idan an kira magariba, mai ganga yana zagayawa da sahur yana kiran sunayen yaran unguwa kamar ƴan tashin sahur ɗinmu. Wata guda ban ji kewar gida sosai ba.

To sai sallah ta zo, Juma'a 15 ga Yuni 2018. Su da hantsi bai ɗaga ba suke idi, rana na fitowa kaɗan an tayar, a ranar kafin ƙarfe shida na safe an gama komai. Muka fito da shaddarmu da hula muka yi sallah a titi, aka saki balan-balan yara suka yi ta wawa, aka gaisa kullu sana wa inta ɗayyib, sai kowa ya shige gidansu. Shikenan fa. Da rana aka buga wasansu da Uruguay aka ci su ɗaya a minti na 89, garin ya ƙara yin tsit. Na koma ɗaki na zauna da sabbin kaya a jikina ban san inda zan je ba. A lokacin na san a gida ana can an cika Ƙofar Mata, Sarki zai taso, ƙarar bindiga da algaita, gobe hawan daushe, yara da kwanukan tuwo suna shiga gida gida, Umma tana rabon wa za'a kai wa wa. Da ta kira ni tace ka ci abinci? nace eh, alhali shayi ne kawai a cikina, ina ajiye wayar hawaye suka zubo. Ba wai mutanen sun yi mana laifi bane, sallarsu ta cikin gida ce da dangi, wanda ba shi da dangi kuwa babu inda zai tsaya. Maulidi da Shammun Nasim a titi ake yi shi ya sa akwai wajen baƙo.

Akwai wasu ranakun da ba zan manta ba, kamar 10 ga Yuli 2019 da muka cika mota muka je babban filin wasa na Alƙahira Najeriya ta ci Afirka ta Kudu 2-1, Chukwueze da Troost-Ekong, Misirawan da ke kusa da mu suna taya mu ihu don kwana huɗu kafin nan Afirka ta Kudun ce ta fitar da su. Bayan kwana huɗu kuma Mahrez na Aljeriya ya buga mana wannan firikik ɗin a daƙiƙar ƙarshe muka dawo ba mai magana a mota.

Amma sallar 2019 ita ce a raina. A gida Talata aka yi, 4 ga Yuni, mu kuma Masar ta cika talatin sai Laraba, wato muna azumi muna kallon hotunan ƴan uwa da kwalliya. Daren nan nace wa abokin ɗakina wallahi ba zan sake irin zaman sallar bara ba. Muka haɗa kuɗi mu shida, ƴan Kano biyu da ɗan Zinder da ɗan Sakkwato da wasu biyu ƴan Kumasi, muka sayo kaji da shinkafarsu mai danƙo wadda tuwo yake kamawa da ita sosai, akwai sauran kuka da daddawa da yaji da wani ya zo da su daga hutu. Ana saukowa daga idi muka ɗora tukunya. Da ya nuna muka zuba a kwanuka muka yi yadda ake yi a gida, na ɗauki ɗaya na kai wa Ammu a ɗakinsa na ƙasan bene, ɗaya na hau da shi hawa na biyu.

Hajja ta buɗe ƙofa ta kalli kwanon ta kalle ni tace menene wannan, nace haka muke yi a garinmu ranar idi, maƙwabci baya cin nasa shi kaɗai. Ta buɗe ta ga miya koriya mai yauƙi tace mulukhiyya ce, wato miyarsu ta lalo? nace ƴar uwarta ce, ganyen wata bishiya ce babba. Ta sa yatsa ta ɗanɗana, yajin ya kama ta ta yi tari tana dariya tana kiran jikanta ya kawo ruwa. Da la'asar yaron ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da kwanon a hannu an wanke shi, cike da kahk, biskit ɗin sallarsu, an barbaɗe shi da garin sukari, yace Teta, wato kakarsa, tace a wajensu ba'a mayar da kwano ba komai, kuma wai gobe ku sauko dukkanku ku shida za ta yi mahshi, wato kayan lambu da ake cusa wa shinkafa a dafa.