Muryar da ban taɓa ji a aji ba

Shekarun farko da na yi ina koyar da yara masu buƙata ta musamman, a ganina aji shi ne komai. In yaro ya iya karatu da lissafi, ya ci jarrabawa, to na sauke nauyi. Ina kaffa-kaffa da su, kada a tsokane su a waje, kada a zuba musu ido. Ƙauna ce, amma haɗe da tsoro, kuma tsorona ya fi nasu yawa.

Wani yaro makaho ɗan shekara 13 ne ya fara warware mini wannan tunani. Hannunsa ya faɗa sosai a rubutun makafi, ɗigon nan shida da Louis Braille ya tsara a Faransa. Sai dai a aji ba ya buɗe baki sai an tambaye shi, ko an tambaya ma sai ka kasa kunne. Wata ƙungiyar sa kai da ke karanta wa ƙananan yara labarai a ɗakin karatu ta nemi ƙarin mutane, na tura shi zuciyata na ɗar-ɗar. Ranar farko na tsaya a bakin ƙofa. Ya ɗora littafin a cinya, yatsunsa na bin layi, yaran suka yanyame shi suna leƙen takardar da babu tawada a kanta. Wata ƙaramar yarinya ta ce, "Yaya, ina rubutun yake?" Ya kama ɗan yatsanta ya aza a kan ɗigon, ya ci gaba da labarin. Shekara biyu ina tare da shi, ban taɓa jin muryarsa ta cika ɗaki haka ba.

Na daɗe ina juya abin a raina. A ajina shi ake yi wa hidima kullum. A can kuwa jiransa ake yi, in bai zo ba labari ya tsaya. Saboda haka ya haddace hanya da sandarsa, ya koyi kiyaye lokaci, ya koyi neman taimako wurin baƙo, har da cewa "na gode, zan iya" in an matsa masa da taimakon da bai nema ba. Duk na koyar da waɗannan a aji, ba su zauna ba sai da ya ga amfaninsu.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu na sha karanta sashe na 24, wanda ya shafi ilimi. Sashe na 19, da ke maganar zama cikin al'umma a dama da kai, da na 30, na wasanni da harkokin al'adu, tsallake su nake yi, ina ganin ba hurumin malami ba ne. Ashe hurumina ne. Tun daga nan na daina amsa gayyatar da za a jera ɗalibaina a sahun gaba ranar 3 ga Disamba, Ranar Naƙasassu ta Duniya, a ɗauki hoto, a tafa, a sallame su. In za su zo, a ba su aikin yi.

Na kuma yi kuskuren da har yau yake damuna. Na sa wata yarinya kurma cikin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ba tare da na shirya kowa ba. Ana busa usur ba ta ji, ana kiranta ba ta waiga, 'yan wasa suka ɗauka girman kai ne. Mako uku ta daina zuwa. Da na je ba ta haƙuri, ita ce ta faɗa mini abin da ya kamata in tambaye ta tun farko: alƙalin wasa ya riƙa ɗaga tuta tare da busa, 'yan wasa kuma su koyi alamomi kaɗan na maganar hannu. Ita ta koya musu da kanta a bakin fili, ta fara da "miƙo", da "tsaya", da alamar sunanta.