Lamba 14 Ta Tafi

Ranar Asabar ɗin da ta gabata na koma lamba 14. Haka nake kiran tsoffin wuraren zamanin haƙar kuza da nake bi a Filato, kowanne da lambar shafinsa a littafina. Lamba 14 wata tukunyar tururi ce ta zamanin haƙar kuza, tana kwance a bakin wani kududdufi kudu da Bukuru. Tsawonta ya kai na ƙaramar mota, kan kowace ƙusa a jikinta kamar rabin lemun tsami. Bara waccan na fara ganinta, na auna ta da taku, na rubuta inda take.

Na yi sammako a kan babur, sanyi ya ƙandarar mini da yatsu tun kafin in wuce Bukuru. Waya ta ce saura mita 30, ta ce saura 10, ta ce na iso. Na tarar da dandamalin siminti, da guntayen ƙarfe huɗu da aka yanke da wutar gas, da jan tsatsa a inda cikinta ya kwanta shekara da shekaru. Wata mata da ke ban ruwan dankalin Turawa a ƙasan wurin ta ce 'yan gwangwan ne suka zo da mota kafin damina, kwana biyu suna yanka. Na zauna a kan simintin, na daɗe ban buɗe littafin ba.

Sana'ata gyaran waya ce a wajen Taminus a Jos, kuma ba ni da takardar ilimin tarihi. Kakana ne ya jawo ni cikin wannan yawo, ko da yake ban taso na same shi ba. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wadda a lokacin ta fi kowace ƙasa haƙar kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta shiga kwaso mutane daga lardunan Arewa a dole, tana turo su ramukan Filato. Baffana, ƙanin mahaifina, har yau ɗiban gwamna yake kiran abin. A cikinsa aka kawo kakanmu daga ƙasar Kano, da riga ɗaya a wuyansa, zuwa tudun da ya haura mita 1,200, inda sanyi da cuta suka kashe leburori da dama. Shi ya rayu. Ya ɗauki kwanon ƙasa a ka har aka gama yaƙi, ya yi aure, ya dawo cikin gari ya zauna a Gangare. Bai bar hoto ba, bai bar takarda ba. Abin da ya rage na wahalarsa shi ne ramukan da ƙarafan nan, shi ya sa nake binsu.

Kuma kada a ɗauka Turawa ne suka koya mana kuza. Maƙeran Ririwai sun daɗe suna narka ta su zuba siraran sanduna kamar tsinke, fatake na kai su kasuwanni. Bin sawun waɗannan sanduna ne ya kawo Turawan kamfani Naraguta a farkon ƙarnin da ya wuce.

Mutane da yawa da ke kawo mini gyara sun ɗauka sai da data GPS ke aiki. Ba haka ba ne. Wayarka sauraro kawai take yi: taurarin ɗan'adam da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama suna ta aiko da lokacinsu, idan ta ji huɗu ko fiye sai ta lissafa inda take. Taswirar ce ke cin data, ita kuwa ina sauke ta tun a shago. Abin da za ka samu lamba biyu ne, ta arewa da ta gabas. Jos tana wajen 9.9 arewa, 8.9 gabas. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, don haka in ka tsaya a lamba biyu bayan ɗigo, kana iya ɓata da kilomita guda. Ni biyar nake rubutawa. Ko da hakan waya kan kauce da mita uku zuwa biyar, a gindin manyan duwatsu ma fiye, sai in tsaya cik na minti biyu, in ɗauka sau uku, in rubuta da biro. Na ga wayoyin da suka mutu da komai nasu a kan teburina fiye da yadda zan ƙirga, ba zan ba waya ajiyar wannan ita kaɗai ba.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne ƙaramin layin dogo. An faro shi daga Zariya, ya bi ta Soba da Dutsen Wai, ya kai Rahama a 1912, ya hau tudu ya iso Jos da Bukuru a 1914. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 kacal. Kafin zuwansa a kan mutane ake fitar da kuza. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara ja baya, a 1957 aka rufe shi, aka kwashe ƙarafan. Yau sai wanda ya san abin da yake nema zai gane sawunsa: wani tudun ƙasa miƙaƙƙe a tsakiyar gona, ko tsagi a jikin dutse da ya fi ƙarfin aikin ruwa.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin safiyo, ya ba ni kwafin wata tsohuwar taswira da ta nuna kwalbati a kan layin, arewa da gari ta hanyar Jengre. Na sa rula na fitar da lambobin, na zuba a waya. Asabar biyu ina zagaye fili ɗaya, ƙaya ta yage mini wando, babu kwalbati babu alamarsa. Na koma wurinsa a gajiye na ce, "Baba, ko dai ruwa ya cinye shi?" Ya karɓi takardar ya duba ƙasanta, ya nuna mini wani ɗan rubutu da ban kula da shi ba. Ya ce, "Ɗana, taswirarmu daga Minna take awo, wayarka kuwa da ma'aunin duniya take aiki. Ba bakinsu ɗaya ba." Tsofaffin taswirorin ƙasar nan an gina su ne a kan wani tushen awo da ke kusa da Minna, GPS kuma tana bin wanda ake kira WGS84, bambancinsu a nan yankin ya kusa tsawon filin ƙwallo. Ya gyara mini lissafin da fensir. Asabar ta uku na same shi yamma da inda na yi ta wahala, ciyawa ta rufe bakinsa, duwatsun sassaƙa jere ba wanda ya goce, ruwa na bi ta ciki kamar jiya aka gama shi. Shi ne lamba 22.

Da na nuna wa Baffa hoton, sai ya ce in kai shi gidan tarihi ya ga jirgin. Gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa aka buɗe a 1952, shi ma ɗan kuza ne, domin a ramukan haƙa aka fara tono kawunan yumɓun Nok da suka sa aka san shi a duniya. A harabarsa akwai kawunan ƙaramin jirgin nan a ajiye. Baffa ya doshi tamanin, gwiwa ta hana shi tafiya mai nisa, amma da ya hango su sai ya saki hannuna. Ya dafa ƙarfen ya ce yana ɗan shekara goma ya shige shi zuwa Zariya tare da innarsa, da ƙunshin dafaffen rogo. Ya ce a hawan tudu jirgin kan yi nishi har samari su sauka su bi shi da ƙafa. Sannan ya yi shiru, ya ce, "Ashe ƙarami ne haka."

Ba na shiga gonar kowa kai tsaye. A Filato mutum ya tsaya a fili yana ɗaga waya yana rubutu, dole a tambaye shi me ya kawo shi, kuma masu tambayar suna da hujja, don maganar ƙasa ta sha jawo mana baƙin ciki. Ina tafiya ne da wani abokina ɗan Birom da muke layi ɗaya a kasuwa. Mu fara zuwa wurin mai unguwa, mu gaishe shi, in buɗe littafin in ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da nake yi." Sau da yawa shi zai haɗa mu da tsohon da ya yi aiki a wurin. Ina kuma nesa da bakin kududdufan nan, don ruwan da ka gani shiru yana iya zama rami mai zurfin gaske, kuma sun ci yara da dabbobi.

Wasu sun rubuto mini suna neman in saka lambobin a fili kowa ya gani. Da niyyata kenan, amma tun ranar Asabar na fasa. Ba na zagin 'yan gwangwan. Na san yaran, wasunsu a layinmu suke kwana, kilo na ƙarfe abincin gidansu ne. Sai dai ba ni zan nuna musu hanya ba. Yanzu kwafi biyu nake yi, ɗaya nawa, ɗaya na mai unguwar wurin. Ɗalibi ko malamin da ke so ya gani ya same ni a shago, mu tafi tare.

Lamba 31 babu mai yanka ta, don babu ƙarfe a cikinta. Baffa ne ya kai ni, a motar haya, ta hanyar Barikin Ladi. Ya sa direba ya tsaya a wajen wasu dogayen itatuwan turare da aka dasa a kan tarin ƙasar haƙa, ya taka a hankali har bakin wani shingen ƙyarana. Ya ce nan barikin leburori yake, nan aka haife shi. Ni ban ga komai ba sai masara. Ya yi ta caka sandarsa a ƙasa har ta bugi dutse, muka share, sai ga bakin rijiya da aka cike. Ya ce innarsa a nan take ɗiban ruwa da asuba, hannunta na tsagewa don sanyi. Ya ɗaga hannu ya yi wa iyayensa addu'a da duk waɗanda aka binne a wajen ba a san sunansu ba, muka shafa. Sannan ya juyo ya ce, "To, rubuta lambar taka." Na tsaya a kan dutsen minti biyu, na ɗauka sau uku.