Wasiƙa daga Gwanzu: zafin da ba ya busar da gumi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida. Ina gaishe ku manya da yara, da fatan kowa yana lafiya, kuma damina ta sauka da albarka.

Duk wanda ke shirin zuwa sari a nan Guangzhou ta ƙasar Sin, wato Gwanzun 'yan kasuwarmu, tambayoyinsa ba sa wuce huɗu: biza, masauki, farashin canji, da inda zai ci abincin halal. Ba mai tambayar yanayi. In ma ni na ɗauko zancen na ce ana zafi, sai a bushe da dariya, a ce, "Haba Alhaji, mutumin Sakkwato za a ba labarin zafi?" To jama'a, ku ba ni aron kunnuwanku, domin zafin da muka sani daban, na nan daban, kuma dabarun da muka tashi da su na maganin zafi kusan babu wadda ke aiki a garin nan.

A lissafi kam gaskiyar masu dariya ce. Watan Afrilu a Kano ko Damagaram ma'auni yakan haura digiri 40, a nan kuwa tsakiyar Yuli da Agusta yawanci 33 ne zuwa 35. Sai dai garin yana bakin kogin Zhujiang, teku tana kudu da shi ba nisa, kuma ruwan saman da ke zuba a shekara yakan kai milimita 1,800, alhali na Kano bai cika wuce 1,000 ba. Iskar garin a jiƙe take sharkaf. Laimar da ke cikinta takan kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100, ta Kano kuwa a bazara takan sauka ƙasa da kashi 20. Masana yanayi suna da jadawalin da ke haɗa zafi da laima ya fitar da abin da jiki ke ji, kuma a jadawalin nan digiri 33 da laima kashi 70 yana zama wajen 43 a jikin mutum. Kana fitowa daga filin jirgin Baiyun za ka gane, iskar za ta rufe ka kamar an kifa maka madambaci.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, fitar gumi ba ita ke sanyaya jiki ba, bushewarsa ce. Kowa ya san randa: ruwa yana tsattsafowa ta jikin ƙasar, iska ta kwashe shi, sai na ciki ya yi sanyi. A kan wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Ka kawo tukunyar nan Gwanzu a watan Yuli, ba abin da za ta tsinana, don iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin karɓar wani. Haka fatar mutum. A gida gumi yana fita yana bushewa, ya bar maka farin gishiri a bayan riga. A nan yana fita ya tsaya, ya gangara, ya jiƙa ka har wando, kuma bai rage maka komai ba.

Daga nan sauran dabarun ke rushewa ɗaya bayan ɗaya. Inuwa ba ta ceto sosai, don zafin ba a rana kaɗai yake ba. Yayyafa ruwa a daɓen ɗaki ƙarin wahala ne. Jiƙa zane a lulluɓa, wanda iyayenmu mata ke yi wa yara, sai dai ka kwana cikin danshi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dare. A gida komai zafin wuni kana da sa rai, ka fitar da tabarma tsakar gida, can wajen asuba har ka nemi mayafi. A nan dare yakan tsaya wajen digiri 26 ko 27, iskar ba motsi, ka tashi sallar asuba matashinka a jiƙe. Wanda ya taɓa zama a Legas ko Fatakwal ya ɗanɗani wani abu daga ciki, shi ya sa 'yan'uwanmu na kudu da ke unguwar Sanyuanli ba sa kuka kamar mu.

Ranar Juma'a ce ke tona asirin sabon zuwa. Masallacin da ke kusa da kabarin da ake dangantawa da Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, Allah ya ƙara masa yarda, yakan cika ya batse, sahu har cikin lambu. Za ka ga bawan Allah ya fito daga masauki a unguwar Xiaobei cikin shadda mai sitaci, an buge ta tana ƙyalli, hula ta zauna daidai. Kafin liman ya hau mumbari shaddar ta yi laushi ta manne a gadon baya, wuyan rigar ya sauya launi, ruwan alwala da gumi sun haɗu ba a san na wane ba. Wanda ya daɗe kuwa yana gefe da 'yar jallabiya ta auduga mara nauyi, da ƙaramin tawul a kafaɗa, da riga ta biyu a cikin jaka. Shawarata a nan gajeriya ce: yadi mai shara-shara, auduga ko lilin, ɗinki mai walawa. A bar roba-roban yadi a gida. Mata masu hijabi su nemi mara kauri mai shan iska, domin su abin ya fi yi wa nauyi. Kuma kada namiji ya ji kunyar riƙe lema da rana tsaka, a nan ba mai kallonsa.

Wanki ma sai an koya. A gida ka shanya riga ka shiga wanka, ka fito ta bushe. A nan sai ta kwana biyu a igiya tana danshi, ta ɗauki wani irin bashi da turare ba ya kashewa. In ka ninke ta haka ka jefa akwati, fumfuna ta samu gida. Takalmin fata da aka ajiye ƙarƙashin gado yakan fito da kore-kore, bel da jaka haka, har bangon littafi. Kayan miyan da aka taho da su daga gida su ma ba su tsira ba. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji an yi su ne don ƙasa mai bushewa, a nan in ka bar su a leda sai su dunƙule, ɗanɗanon ya gudu. Kwalba mai murfin kirki, ko firji, shi ne kawai. Kilishi kuwa kada ma a wahalar da kai, doka ta hana shigo da nama, a filin jirgi za a karɓe.

Wurin kwana shi ne rabin maganin. Akwai unguwanni masu araha inda benaye suka matsu da juna har maƙwabta biyu za su iya musabaha ta taga, rana ba ta taɓa leƙa lungun. Ɗakin ƙasa a irin wuraren nan yana da sauƙin kuɗi, kuma dalilin sauƙin ke nan. Ka ƙara kuɗi ka hau sama, inda taga ke kallon sarari. Kafin ka biya, ka buɗe kabad ka sansana, ka duba kusurwar bango da bayan gado. Tabon baƙi-baƙi in ka gan shi, ka yi sallama.

Tun kafin zafin ma, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, akwai kwanakin da suke kira huinantian, lokacin da iska mai ɗumi da danshi ke tasowa daga teku ta tarar da bango da daɓe da sauran sanyin hunturu. Sai bango ya dinga zubar da ruwa, madubi ya rufe, tayil ya yi santsi har ya kayar da mutum. Hankalin Bahaushe zai ce a buɗe taga iska ta shigo ta busar. Mutanen gari kuwa rufewa suke yi ruf, musamman tagogin kudu, don ta nan ruwan ke shigowa. Gaskiyarsu ce.

Na'urar sanyaya ɗaki a nan ba kayan alatu ba ce. Amma sirrinta ba a ƙure sanyi yake ba. A jikin rimot akwai alamar ɗigon ruwa, ita ce ke sa na'urar ta tsotse danshin ɗaki, kuma digiri 26 a busasshen ɗaki ya fi daɗin barci a kan 20 da kake tashi da mura da kuɗin wuta mai tsoka. Gwamnatin ƙasar ma tun 2007 ta ce kada a sauke na'urorin gine-ginen jama'a ƙasa da 26 a lokacin zafi. Akwai kuma na'urar tsotse laima zalla, mai ɗan tanki a ƙasa. Ka kunna ta da dare a rufaffen ɗaki, da safe ka zare tankin ka ga ruwa har da nauyi, ruwan da da a katifarka da tufafinka zai kwana. Da ita ake busar da wanki in ruwan sama ya ƙi ɗaukewa, kamar yadda yakan yi daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni. Wanda bai da halin saye, shagunan unguwa suna sayar da 'yan robobi masu farin gari da ake sawa a kabad, su ma suna taimakawa.

Batun lafiya ba na wasa ba ne, kuma a nan nake so dattawanmu masu zuwa sari su saurara, musamman masu hawan jini da ciwon suga. Mutum yakan fito tun safe, daga kasuwar yadi ta Zhongda zuwa ta fata, yana jan jaka, yana ciniki ta bakin tafinta, bai sha ruwa ba don kada fitsari ya dame shi. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya da ɗaurewar jijiyar ƙafa duk gargaɗi ne, a nemi wuri mai sanyi a zauna. In mutum ya fara sambatu ko ya rikice, an wuce wasa: a kira 120, lambar motar asibiti ke nan, a rage masa tufafi, a sanyaya jikinsa da ruwa da ƙanƙara kafin su iso. Ruwa kaɗai ba ya mayar da gishirin da gumi ya kwashe, don haka ruwan gishiri da suga da muke ba yara masu gudawa yana da amfani ga babba ma: lita guda, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Launin fitsari shi ne ma'auninka, in ya yi ja to jikinka yana bin ka bashi. Sai ƙurajen zafi da ƙaiƙayin matsematsi da na tsakanin yatsun ƙafa, waɗanda kunya ke hana mutane faɗa. Wanka safe da yamma, a goge jiki ya bushe sarai, a sauya kayan ciki da safa. Mu masu alwala sau biyar sai mun ƙara kula da tsakanin yatsu kafin mu mayar da takalmi.

Hukuma a nan ta ɗauki zafi da muhimmanci fiye da yadda muka saba. In ana hasashen digiri 35 ana fitar da gargaɗi. Dokar ƙasa ta 2012 ta ce in ya kai 40 a dakatar da aikin waje, tsakanin 37 da 40 kuma kada ya wuce awa shida. A lardin Guangdong, inda Gwanzu take, masu aiki cikin zafi suna da alawus na musamman daga Yuni zuwa Oktoba. Nakan tuna 'yan dakon Kantin Kwari da masu tura kurar ruwa a watan Afrilu, in yi shiru.

Su mutanen gari suna da nasu maganin gargajiya, wani baƙin shayi na saiwoyi da ganyaye da suke kira liangcha, ana sayar da shi a ƙananan shaguna, ɗaci gare shi na gaske. Sun yi imani yana fitar da zafi da danshi daga jiki. Ni dai ban ɗauke shi a bakin magani ba, amma ruwa ne, kuma ya fi lemon kwalba. Miyar romonsu ta lokacin zafi ce za a yi hattara da ita, sau da yawa da ƙashin alade ake dafawa. Abin da na fi yaba musu shi ne tsofaffin gine-ginen Shangxiajiu da titin Enning, inda bene ke fitowa ya rufe hanyar masu tafiya a ƙasa, ka yi tafiya mai nisa ba rana ba ruwa a kanka.

Sauron nan da rana yake cizo, kuma ba zazzaɓin da muka sani yake kawowa ba. A 2014 zazzaɓin dengi ya kama sama da mutum 40,000 a lardin nan, a 2025 kuma zazzaɓin cikungunya ya kama dubbai a Foshan, garin da mutanenmu ke zuwa sayen tayil da kujeru. A shafa maganin sauro tun da safe. Lokacin zafin kuma shi ne na guguwar teku. Wadda aka kira Mangkhut, a Satumbar 2018, ta tsayar da jirage da kasuwanni cak, don haka mai tikitin Agusta ko Satumba ya bar wa tafiyarsa sarari.

Na bar maganar kaya a ƙarshe don ita ce ta shafi aljihu. Kwantenar da aka loda a tashar jiragen ruwa ta Nansha ko Huangpu a tsakiyar damina, da iskar Gwanzu ake rufe ta, da kwalayen da suka sha danshi a sito. Tana yin fiye da wata guda a teku kafin Legas. Da rana ƙarfen ya yi zafi, danshin ya tashi, da dare ya huce, ruwan ya taru a rufin ya ɗiga kan kaya, kullum haka. Shi ya sa wani zai buɗe dilarsa a Kano ya tarar da takalma sun yi fumfuna, yadi ya yi tabo, zif ya yi tsatsa, ya hau zagin ejan cewa an sayar masa da tsohon kaya, alhali sababbi aka loda. Ranar lodi ka je da kanka, ko ka tura wanda ka yarda da shi. A zaro kwali daga tsakiyar tari, ba na sama da aka tanadar maka ba, a buɗe, a taɓa, a sansana. Kwalin da ya yi laushi a sauya shi. A duba daɓen kwantenar da rufinta. A sa ƙunshin tsotse danshi cikin kowane kwalin kayan fata, a rataye manyan a jikin bangon kwantena, kuma a rubuta wannan cikin yarjejeniya tun kafin a biya kafin alƙalami, don in ba a rubuta ba ba za a sa ba. In ana ruwa a wajen lodi kuma ba rumfa, a ɗaga zuwa gobe.

Wanda ke da zaɓin lokaci, ya zo daga tsakiyar Oktoba zuwa Disamba, lokacin iska ta bushe, ga kuma baje kolin Canton na kaka yana farawa a tsakiyar Oktoba. Wanda kasuwa ta tilasta masa zuwa a Yuli, ya taho da riguna marasa nauyi, ya yi cinikinsa da safe da kuma bayan la'asar.

A gaida mutanen gida duka. Allah ya sada mu da alheri.

Naku,
ɗan'uwanku a Gwanzu