Kafin ka goge Windows ɗin tabilet ɗinka

Ƙannena da yawa a nan Maradi, musamman 'yan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo masu rubuta kundin gama karatu, suna son ƙaramar tabilet mai inci 8 ta yi musu aikin kwamfuta. Ban ga laifinsu ba. Kuɗinta bai kai na babbar kwamfuta ba, tana shiga aljihun babbar riga, kuma in aka ɗauke wuta ƙaramin batirin ajiya ya ishe ta. Da irin wannan lissafi ni ma na saya, sai dai ban tambayi abin da ke cikinta ba.

To ku fara da wannan tambayar. Yawancin tabilet masu Android furosesar ARM gare su (furosesa ita ce ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin na'ura), irin ta wayar salula, alhali manhajojin kwamfuta da muka saba da su, masu ƙarewa da .exe, an gina su ne don Windows a kan furosesar Intel ko AMD. Sa irin wannan manhaja a cikin tabilet mai Android kamar zuba gazuwal ne a babur. Na ƙone kuɗin intanet ina sauko da manhajar lissafin kaya, ta sauka lafiya, na taɓa ta, tabilet ta ce ba ta san wannan fayil ba. Akwai dabaru irin su Winlator da ke kwaikwayon Windows a cikin Android, suna kuma buɗe wasu tsofaffin manhajoji, amma na'urar kan ɗau zafi, batir ya zube, aikin ya yi ta jan ƙafa. Don wasa ba laifi. Don kundin da malami ke jira ranar Litinin, ban ba ku shawara ba. Excel na Android ma yana buɗe tebur, amma ba ya tafiyar da makro, wato ƙananan umarnin da ke yin aiki da kansu a cikin tebur. Ku kuma yi hattara da tsohuwar Surface RT ta 2012 da ke yawo cikin kayan gwanjo: fuskarta ta Windows ce sak, cikinta ARM ne, ba ta karɓar .exe daga waje.

Wadda ke tafiyar da manhajar kwamfuta da gaske ita ce mai Windows da furosesar Intel Atom. Galibi RAM ɗinta, wato memorin da take aiki da shi nan take, giga 1 ko 2 ne, ma'ajiyarta giga 16 ko 32, Windows kaɗai ya cinye kaso mai yawa. Tawa da ta cika ta fara nauyi, sai na yanke shawarar goge ta kakaf in ɗora sabon Windows, yadda nake yi wa manyan kwamfutoci. Garin neman gira na rasa ido.

Tun farko kilen USB ɗin da na sa sabon Windows a ciki ta ƙi tashi. Da yawa daga cikin waɗannan ƙananan na'urori furosesarsu mai bit 64 ce, amma tsarin da ke tayar da su, wato UEFI, mai bit 32 ne, don haka Windows mai bit 32 kaɗai suke yarda da shi. Da na gano haka na sake shiri, ɗorawa ta kammala, sai gilashin ya mutu. Ka taɓa, shiru. Wi-Fi babu, sauti babu, alamar batir ma ta ɓace. Direbobin da ke haɗa Windows da waɗannan sassa sun tafi tare da abin da na goge, kuma tabilet ɗin ba ta da wani kamfani sananne da za ka shiga shafinsa ka sauko da su. Na samo direban gilashi na wata mai kama da ita, na ɗora, gilashin ya farfaɗo, amma in na taɓa sama ta dama sai ya amsa a ƙasa ta hagu. Kowane samfurin gilashi da nasa awon, ko da guntun da ke sarrafa shi iri ɗaya ne. Haka na zauna da linzami da kibod a jone, abin da na saya don in riƙe a hannu ya koma ɗan teburi.

Abin da zai hana wannan bai fi minti goma ba. Tun tana lafiya, ka sa kile ko katin memori, ka buɗe jaka a ciki ka sa mata suna direbobi, ka buɗe tagar umarni ta cmd da ikon mai gudanarwa, ka rubuta: dism /online /export-driver /destination:D:\direbobi. In harafin kilenka ba D ba ne, ka sa nata. Zai kwashe direbobin da mai na'ura ya sa ya zuba a can. Ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a wajen wani. In ma nauyi ne kawai damuwarka, ka fara da mayar da ita sabuwa daga cikin saitunan Windows, don wannan hanyar galibi tana barin direbobi a wurinsu.

Ga wani tarko kuma. Kafa ɗaya ce tal gare ta, nan ake caji, nan ake jona wayar OTG, wadda ke haɗa kile da kibod da tabilet. Yayin da kile da kibod ke jone, yawanci ba ta shan caji. In batir ya mutu ana tsakiyar ɗora Windows, ka koma farko. Ka cika ta dam kafin ka fara, kuma kada ka fara da rana tsaka a watan Afrilu ko Mayu. Zafinmu na wuce digiri 40, ita kuma ba ta da fanka. Da ta ji wuta sai furosesar ta rage gudu don kare kanta. Sau da yawa abin da muke ɗora wa bairos zafi ne kawai. In ka ga gilashi ya fara ɗagowa daga gefe, batir ne ya kumbura: ka daina caji, kada ka danne shi, ka kai wa mai gyara ya cire.

Wajen neman matsala, tsohuwar ɗabi'ata ita ce in canza abu biyar lokaci guda, in ta gyaru ban san wanne ya yi ba, in ta ƙara lalacewa ma haka. Yanzu abu ɗaya nake taɓawa, in gwada, sannan in matsa. Saƙon kuskure kuma, kafin ka danna OK ka ɗauke shi hoto da wayarka. Mai gyaran da ka ce wa "ta ƙi yi" kawai, goge ta zai yi, don ba ka ba shi abin kamawa ba. Wata damuwar ma ba lalacewa ba ce: tsofaffin manhajoji an zana su don babban gilashi, sai maɓallin amincewa ya faɗa ƙasa inda ba ka ganinsa. Ka rage girman nuni zuwa kashi 100, ko ka juya tabilet ɗin a tsaye, zai fito. Kibod kuma, kayan da suka biyo ta Jibiya da Dan Issa yawanci jerin haruffansu na Ingilishi ne, QWERTY, mu kuwa mun saba da na Faransanci, AZERTY. In ka danna A ya ba ka Q, yaren kibod za ka canza a saituna, ba kibod ɗin ne ya lalace ba.

Wanda bai saya ba tukuna, ya sani Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa yana neman RAM giga 4 da ma'ajiya giga 64 aƙalla, abin da waɗannan ƙananan ba su kai ba. Don buga rubutu da ƙaramin lissafi za su ci gaba da amfani, amma ni ba zan riƙa shiga asusun kuɗi da su ba. In har ka ƙudura saye, ka je shago da manhajar da za ka yi aiki da ita a kile, ka ce: "Alhaji, a yi mini haƙuri in gwada a nan." Ka ɗora ta a gabansa, ka taɓa kusurwoyin gilashin huɗu, ka jona Wi-Fi, ka duba sararin da ya rage a ma'ajiya, sannan ku yi ciniki.