Na je Legas neman motar gona, na dawo da mummuna

Shekaranjiya da daddare muka shigo Kano, har yanzu bayana bai saki ba, amma bari in ba ku labarin tun da zafinsa. Gonata tana can tsakanin Tudun Wada da Doguwa, in ka sauka daga kwalta sai burji da kwazazzabai, kuma bara da damina tsohuwar fijo 504 a-kori-kurar da na gada wajen Baba ta kafe a laka da buhun taki 20 a bayanta, sai shanun huɗa muka ɗauko suka ja ta. Tun ranar na ce ko me za a yi sai na nemi mota mai ja da ƙafa huɗu.

Da makanikena muka tafi, motar dare muka hau a Sabon Gari, hanya dai hanya ce ba abin faɗa. A Agege muka sauka gidan ɗan kawuna, mutumin nan Allah ya saka masa, ɗakinsa ya bar mana ya koma kwana a shago, matarsa kuma tuwon shinkafa da miyar kuka har sai da na manta a kudu nake. Abin da ya fara tuna min shi ne kuɗin mota, ɗan tsakanin da a Kano za ka hau adaidaita ka ba da canji, can sai ka ji kamar Zariya za a kai ka.

Washegari muka nufi kasuwar motoci ta Berger a hanyar Apapa. Jama'a, ido ba ya ƙoshi. Tun kafin ka tsaya dillalai sun yanyame ka, kowa Alhaji Alhaji, ba sallama ba gaisuwa, wani har rigata ya ja. Nan na hango wata Tacoma fara tas, takumbo ce, wato wadda aka yi amfani da ita a waje, daga Amurka, taya manya, kujerun fata, wallahi a raina har na gama saye ina tunanin yadda za ta shiga layinmu. Makanike bai ce komai ba. Kwali ya roƙa ya shimfiɗa a ƙasa ya shige ƙarƙashinta da sukuddireba, yana zungurar shasin sai ga tsatsa tana zubo masa a fuska kamar ɓawon gyaɗa, an bi ta da baƙin fenti an rufe. Ya fito yana kakkaɓe ido ya ce "Oga wannan ta sha gishiri." Ashe a garuruwan da ake ƙanƙara gishiri suke zubawa a titi don ta narke, shi yake cin ƙarfen ƙasan mota a hankali alhali sama tana sheƙi. Ya ce in ka ɗora mata buhun masara ka faɗa rami ɗaya sai ta karye biyu. Dillalin ya hau masifa wai mun ɓata masa fenti.

Ta biyu Hilux ce, ita kuma sitiyarinta aka juya daga dama zuwa hagu, aikin walda duk a bayyane in ka ɗaga bonet. Ta uku maganaɗisu ya ɗora a ƙofarta ya faɗo ƙasa, duk ciko ne, ta taɓa faɗuwa. Kuma farashin, kai! Tunda dala ta tashi kowa da ita yake rantsuwa, motar da ta shekara tana shan rana a filin ma wai dala.

Kwana biyu haka, har na fara cewa mu tattara mu koma. Ɗan kawun nan nawa ne ya ce "Yaya, ku bar takumbon nan," ya kai mu wani gareji kusa da Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, wajen wata Hilux da wani kamfanin gine-gine ya sallama. Mummuna ce ba ƙarya, fentin ya koɗe, bayanta duk lotsawa da guntun siminti, kujerar direba ta yage soso a waje. Amma shasi garau, injin fetur 2.7 ba hayaƙi, giyar hannu. Makanike ya sa aka kai ta wani fili mai yashi, ya ja ƙaramar giyar zuwa L4, wato giyar ƙarfi ta ƙafa huɗu, motar ta riƙa tafiya a hankali kamar ingarma tana gurnani, ƙafa huɗun duk suna ci. Mai gas na so saboda ƙarfi, ya ce a'a, gas ya fi tsada, kuma in famfonta ya lalace a Doguwa wa zai taɓa maka? Wannan kuwa kayanta ko a Ƙofar Ruwa a zube suke.

Ciniki ya ci mana yini guda. Mai motar ya ce miliyan 14, na ce 10, ya tashi kamar na zagi iyayensa, aka dawo da shi, aka sha lemo, muka tsaya a 11 da rabi ban da la'ada. Mutanen can ba su san albarka ba, ihu ne kawai, amma in sun sallama sun sallama, ba irin namu da gobe a ce maka wai ƙanin mai motar bai yarda ba. Na dage sai da aka duba lambar shasi ta yi daidai da takardun shigowa kafin in tura ko sisi.

Dawowa ta Badun da Lakwaja muka biyo. A wani shinge bayan Okene wani mai kaki ya karɓe takardun ya riƙe mu kusan awa biyu a rana, ko kallona ba ya yi in ina magana, wai wace irin gona ce ke buƙatar wannan motar. Da bai samu abin kamawa ba ya wurgo min su ta taga.

Abuja muka kwana. Taya ɗaya ta fashe kafin Kaduna, sifiya kuma ashe ba iska. Uwargida da ta leƙo ta gan ta a ƙofar gida cewa ta yi wai wannan ce ka je har Legas dominta? Jibi in Allah ya kai mu za ta fara ɗaukar taki.