Yadda na koya wa ɗalibaina aikatau so-karɓau da ƙi-karɓau na Turanci

Ɗaliban da nake yi wa darasin yamma, masu shirin jarrabawar WAEC, sun haddace ma'anar transitive (so-karɓau) da intransitive (ƙi-karɓau) tun suna ƙaramar sakandare, amma da an ba su jimla sai su yi cirko-cirko. Shi ya sa na ajiye haddar, na fara da Hausa. Na rubuta a allo "Audu ya fasa kofi", a ƙasa kuma "Kofi ya fashe". Ba wanda ya ruɗe. A ta farko akwai abin da aikin ya faɗa wa, wato karɓau, a ta biyu babu. Sai na mayar da su Turanci: Audu broke the cup, The cup broke. Nan suka gano inda gizo ke saƙar. Hausa ta sauya kalmar, fasa ta koma fashe, Turanci kuwa broke ɗin nan guda ce ta yi aiki biyu. Ashe ba a yanke wa aikatau hukunci shi kaɗai, sai an dubi jimlar da yake ciki.

Daga nan muka koma jefa tambayar "me?" ko "wa?" bayan aikatau. She bought rice: ta sayi me? Shinkafa. He arrived yesterday kuwa, amsar "yaushe?" ce ta biyo baya. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to He slept on the mat fa? Ai tabarma abu ce." Na ji daɗin tambayar ƙwarai. Na ce ta lura da on da ta shiga tsakani. Ba tabarmar aka yi barci ba, a kanta aka yi.

Abin da ya fi cin mana lokaci shi ne rise da raise. Farashi ya tashi, prices rose. 'Yan kasuwa sun ɗaga farashi, traders raised prices. Sai kuma discuss about da ta kama bakin mutane, har da masu digiri, alhali discuss kai tsaye take ɗaukar karɓau, listen ce ke buƙatar to. Yanzu duk sabon aikatau da suka ci karo da shi, nakan sa su buɗe ƙamus su duba ko an rubuta T ko I a gefensa, sannan kowa ya gina jimlarsa da shi.