Abin da hular Baba ta koya min a wajen saƙa

Shekara biyu na yi ina koyon saƙa wajen Anti a unguwarmu nan Jos, kuma duk tsawon lokacin nan kayan jarirai muke yi, riga da safa da 'yar hula, don su ne ake saye in suna ya taso. Ban taɓa kawowa a raina cewa hular babban mutum aiki ce daban ba sai bara da hunturu ya shigo, na ga Baba zai fita sallar asuba ya naɗe kunnuwansa da mayafi saboda tsohuwar hular sanyinsa ta saki gaba ɗaya, ko zama ba ta yi a kai. Duk wanda ya san sanyin Jos a Disamba da Janairu ya san abin da nake nufi, abin ya tsaya min a rai sosai, na ce wallahi ni zan saƙa masa da hannuna.

Ta farko ban auna komai ba. Na ɗora idanu a kan allura yadda na ga ya yi min (ido muke ce wa kowane ɗan zagayen zare da ke kan allura), na yi kwana huɗu ina saƙa, da ya sa sai ta zubo masa har gira. Na kai wa Anti, tambayarta ɗaya ce, "Ke kin auna kan nasa?" Na yi shiru. Ta ce kan namiji babba yawanci santimita 56 zuwa 58 ne, kuma irin wannan saƙar mai layi-layi a tsaye, ido biyu gaba biyu baya (gaba da baya su ne salo biyu da ake saƙa ido da su), tana miƙewa kamar roba, dole hular ta gaza kan da kamar santimita 5 in ana so ta kama. Ta sa na saƙa ɗan gwaji kamar faɗin tafin hannu na ƙirga ido nawa ke shiga santimita 10, daga nan muka yi lissafi, kan Baba 58 ne, ya kama ido 96 da allura mai lamba 4.5 irin mai igiya a tsakiya da ake zagayawa. Kuma lissafin sai ya rabu huɗu-huɗu, in kin sa 98 ƙarshen zagaye biyu gaba za su haɗu da wasu biyu gaban, sai ki ga wani faffaɗan layi guda ya fito a jikin hular. Na warware aikin kwana huɗu, raina bai so ba gaskiya, amma na warware.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen ratsin. Toka da shuɗi mai duhu na zaɓa, don na san Baba ba zai sa ja ko ruwan ɗorawa a kansa ya shiga masallaci ba, maza da yawa haka suke. To duk sanda na sauya launi sai in ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo na tsohon zaren sun fito cikin sabon, a daidai inda aka yi baya, ratsin ya zama kamar ya yi datti. Na ɗauka hannuna ne bai faɗa ba, na yi ta matse zare har yatsana ya yi ciwo. Ashe ba daga nan take ba. Anti ta ce zagayen farko na sabon launi ki saƙa shi duka gaba, kar ki yi baya ko ɗaya, a zagaye na biyu sai ki koma biyu gaba biyu baya, ɗigon nan duk ciki zai koma. Na gwada, ratsin ya fito tas kamar an ja da rula. Har yau ina mamakin yadda abu ƙarami haka ya hana ni barci, kuma da na tambaya tun ranar farko da ban sha wannan wahalar ba, kunyar tambaya ce kawai ta riƙe ni. Sai kuma in ratsin siriri ne ba a yanke zare, ana ɗago shi ta ciki ne zuwa inda za a sake amfani da shi, a bar shi sako-sako, in kin ja da ƙarfi gefen nan zai tattare.

Maganar zare kuwa, yawancin abin da muke saya a kasuwa muna ce masa ulu ba gashin tunkiya ba ne, na roba ne. In kina son ganewa ki yanki kaɗan ki ƙona, ulun gaske warin ƙonannen gashi yake yi kuma ya murmushe a hannu, na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Ban ce na roba ba shi da amfani ba, ya fi araha kuma ya fi jure wanki, amma ɗumin ba ɗaya ba ne. Na Baba na nemo na gaske, giram 100 ya ishe ni, na kuma gaya wa ƙannena kar wanda ya kuskura ya wanke ta da ruwan zafi ko ya cuɗa ta, za ta ƙanƙance ta yi tauri, ruwan sanyi kawai, a matse a hankali a shimfiɗa ta bushe, ba a ratayewa.

Abu ɗaya kuma Baba ne da kansa ya koya min, ba Anti ba. Da na kusa fara rage idanu don rufe saman, na sa masa ya gwada, sai ya taɓa goshinsa ya ce, "Uwata, ki ƙara mata tsawo yadda zan naɗe bakin, a hanya in sauke ta rufe kunne, in zan yi sujada in ɗaga goshina ya taɓa ƙasa." Ni sam tunanina bai kai nan ba, kyan ratsi kawai nake ta kallo. Na ƙara har ta kai wajen santimita 28, bakin ya naɗu biyu, kunne ya samu ninki.

Rufe saman ne har yanzu bai gama zama min ba, na Baba ya ɗan yi tattara a tsakiya, shi dai bai ce komai ba yana ta sa abarsa. Yanzu ta mai gadin layinmu nake yi, kansa 57, ya ce baƙa da fari yake so, gobe in sha Allahu zan kai wa Anti ta duba min wajen ragewar kafin in ɗaure.